Makunnin Yanke Lodi na 11kV da 33kV: Kwalbar Bakyum Ko Gas ɗin SF6?

Duk mai shirin sayen RMU, wato akwatin makunnan rarraba babbar wuta, ko makunnin yanke lodi, wanda masu aikin ke kira LBS, don masana'anta ko asibiti ko rukunin gidaje, zai tarar da iri biyu a kasuwa. Ɗaya yana kashe tartsatsin wuta cikin gas ɗin SF6, ɗayan cikin kwalbar tangaran da aka zuƙe iskarta ƙaf, wato kwalbar bakyum. A takardar dillali kusan lambobinsu ɗaya: amfiya 630, jure shot na 20kA ko 21kA na daƙiƙa 1 ko 3, duka bisa ƙa'idar IEC 62271-103. Inda suka rabu shi ne yadda kowanne ke lalacewa, da alamar da yake bayarwa kafin ya lalace, da irin kayan awon da mai shi zai tanada. A kan waɗannan ya kamata a yanke shawara, ba a kan farashin ranar saye kaɗai ba. Na mai, irin tsofaffin da har yanzu ake gani a wasu unguwanni, ba ya cikin wannan lissafi: man yana shan danshi, yana tara gawayi, kuma in ya kama da wuta ba ya barin komai. Mai sayen sabo ya wuce shi.

Da farko a tuna cewa LBS ba bireka ba ne. Yana iya yanke wutar lodi ta yau da kullum, yana iya rufewa a kan shot ya jure, amma ba zai iya yanke wutar shot ba. Wannan aikin fiyus ne ko bireka. Ko da kwalbar bakyum aka sa masa, matsayinsa bai canza ba.

Abin da ke cikin kwalbar

Jikinta tangaran ne na alumina, an liƙe kawunansa biyu da ƙarfe. A ciki akwai kontak biyu, ɗaya kafaffe ɗaya mai motsi, yawanci na haɗin jan ƙarfe da kuromiyom. Mai motsin yana fitowa waje ta cikin zugazugin ƙarfe marar tsatsa, siriri ƙwarai, wanda ke miƙewa yana tanƙwashewa ba tare da ya bar iska ta shiga ba. Kewaye da kontak akwai garkuwar ƙarfe da ke tare tururin ƙarfen da tartsatsi ke fesarwa, don kada ya manne a jikin tangaran ya zama hanyar wuta. Tazarar buɗewa kaɗan ce: wajen milimita 8 zuwa 12 a na 12kV, kusan ninkin haka a na 36kV. Saboda gajartar wannan tafiya ne injin da ke tura ta ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa, kuma shi ya sa take daɗewa.

Na SF6 kuwa wuƙa ce mai juyawa ko mai zamewa cikin tankin ƙarfe da aka walde, gas ɗin yana kan matsin da bai wuce 1.2 zuwa 1.4 a ma'aunin matsi na bar ba, a zafin digiri 20. Wuƙa ɗaya tana da mazauni uku: rufe, buɗe, da atin, wato haɗawa da ƙasa. Wannan babbar fa'ida ce, don ba yadda za a yi ta kasance a rufe kuma a atin lokaci guda.

Yawan kunnawa da kashewa

A nan ne bakyum ya yi wa SF6 nisa. Ƙa'idar IEC ta kasa juriyar inji gida biyu: M1 juyi 1,000, M2 juyi 5,000. Ta fuskar wuta kuma aji mafi girma, E3, yana nufin yanke cikakken lodin da aka ƙayyade sau 100 da rufewa a kan shot sau 5. Yawancin makunnan SF6 na RMU a kan M1 da E3 suke. Kwalbar bakyum kuwa tana yanke cikakken lodi sau dubbai, galibi inji ne ke gajiya kafin ita.

A ƙasar da ake taɓa makunnin RMU sau ƴan kaɗan a shekara, juyi 1,000 ya ishi shekara talatin. A wurin da ake rabon wuta, ko masana'antar da ke sauya layi tsakanin fida biyu, wato layukan kawo wuta, kullum, lissafin daban ne: juyi biyu a rana ya cinye 1,000 cikin kwana 500. Gaskiya ne ba kowane juyi ke ɗauke da amfiya 630 ba, taransifoma mai 500kVA a kan 11kV amfiya 26 kacal take ja, saboda haka kontak ba zai ƙone da wuri ba. Amma sifirin da sandar juyawa da robar da ke toshe gas a inda sandar ta shiga tanki ba ruwansu da yawan amfiya. Su juyi suke ƙirgawa. Duk wurin da za a taɓa makunni kowace rana, bakyum mai M2 ya fi dacewa, kuma a nemi mai na'urar ƙirga juyi.

Zubar bakyum, matsalar da ba ta da geji

Babban aibin kwalbar shi ne ba ta nuna halin da take ciki. Tankin SF6 yana da geji mai kore da ja, ma'aikaci ya leƙa kafin ya sa hannu. Kwalba ba ta da wannan. Sabuwa tana fitowa da matsin da bai kai 0.001 na faskal, ma'aunin matsin iska, ba, kuma tana aiki lafiya har zuwa wajen 0.01. Daga nan in iska ta ci gaba da shiga, ƙarfin rufin wutarta yana faɗuwa warwas, ya kai mafi muni a tsakanin faskal ƴan kaɗan zuwa ƴan ɗaruruwa, inda ko ƙaramin boltej ke tsallake tazarar. In ta cika da iska gaba ɗaya, abin mamaki, sai ta ɗan farfaɗo, domin milimita 10 na iska yana iya riƙe 6.35kV da ke tsakanin layi da ƙasa a tsarin 11kV. Wato kwalbar da ta mutu tana iya zama a buɗe wata da watanni shiru. A rufe ma wuta na bi ta cikinta lafiya lau. Ranar da aka buɗe ta da lodi ne tartsatsin zai ƙi mutuwa, tangaran ya fashe, wuta ta tsallaka zuwa sauran layuka.

Iskar tana shiga ta hanyoyi sanannu. Zugazugi yana tsagewa don gajiya, musamman in inji yana wuce iyaka wajen buɗewa ko yana dukan ta da ƙarfi saboda abin rage gudu ya mutu. Yana tsagewa kuma in mai ɗauri ya murɗa noti a kan sandar mai motsi bai riƙe ta da wata sifana ba. Murɗiya kaɗan ta isa, kuma ba za a ga illar ba sai bayan watanni. Tsatsa tana cin wurin da aka liƙe tangaran da ƙarfe in danshi ya daɗe a kai, balle in akwai sinadarin kulorin a iskar wurin. Sai kuma faɗuwa ko buguwa wajen sauke kaya daga mota, wadda ke barin siririn tsagu a tangaran.

Mega, na'urar awon rufin wuta, ba ta gano wannan. Mega mai 5kV za ta nuna dubban megom a kan kwalbar da ta cika da iska, mai awo ya rubuta lafiya ya tafi. Awon da ke aiki shi ne ɗora babban boltej na AC a kan kontak a buɗe. Awon masana'anta na minti ɗaya 28kV ne ga na'urar 12kV, 50kV ga ta 24kV, 70kV ga ta 36kV, kuma a fili ana yin kashi 80 cikin 100 na wannan, sai dai in littafin kamfani ya ba da wata lamba ta musamman don awon bakyum, to ita za a bi. Kada a rage boltej don tausayin kwalba, domin in ya yi ƙasa da yawa mai cike da iska ma za ta tsallake. Kafin awo a cire kebul, a cire aresta, wato na'urar tare hauhawar boltej, da taransifomar awon boltej, a goge jikin tangaran tas, a haɗa sauran layuka biyu da ƙasa. A ɗaga boltej a hankali. Ɗan tartsatsi ɗaya ko biyu a farkon ɗagawa ba hukunci ba ne, kontak ne ke share kansa. Wadda ta kasa riƙewa bayan an maimaita ita ce ta mutu. Kwalba a buɗe ƙarƙashin babban boltej tana fitar da hasken eksire, saboda haka a bar murfin ƙarfe a wurinsa, kowa ya ja baya aƙalla mita 1, kuma kada a wuce boltej ɗin da aka ƙayyade. Na'urar DC mai gyara rabin zango ba ta dace ba, don ƙololuwarta tana wuce abin da allura ke nunawa. Bayan awo a taɓa kawunan kwalbar da zoben tsakiyarta da sandar atin, garkuwar ciki tana riƙe caji.

Wannan awo amsa ɗaya yake bayarwa, ta ci ko ta faɗi a yau. Ba ya cewa saura nawa. Awon maganaɗisu, wanda ake naɗa wa kwalba waya a auna ƴar wutar da ke bi don a ƙiyasta ainihin matsin, shi ke nuna inda ta dosa, amma na'urar tana da tsada kuma sai an kai ga jikin kwalbar.

Akwai wani tarko ga RMU ɗin da aka sa kwalbar bakyum cikin tankin SF6, irin wanda ya fi yawa a ɓangaren bireka na zuwa taransifoma. In kwalbar ta huje, gas ne zai shiga ba iska ba, kuma gas ɗin yana riƙe boltej sosai, sai awon ya nuna lafiya alhali ba za ta iya yanke wuta yadda ya kamata ba. Ga shi tankin a walde yake, ba a canza kwalba ɗaya. In ta mutu, dukan na'urar ce ta tafi.

Zubar gas

Shi ma SF6 yana zuba, sai dai yana faɗa. Tankin da aka rufe har abada ƙa'idarsa kada zubar ta wuce kashi 0.1 cikin 100 a shekara. Wuraren da ke buɗewa su ne bushin na kebul, musamman in an bar nauyin kebul yana jansa ba a ɗaure shi da maƙali ba, da bakin sandar juyawa, da mazaunin geji, da layin walda in tsatsa ta ci. Gejin da ba ya gyara kansa da zafi yana ruɗi. Tankin da aka cika zuwa bar 1.4 a digiri 20 zai nuna kusan 1.52 da rana tsaka a digiri 45, ya sauko kusan 1.35 da asubar hunturu a digiri 10, ba tare da ko ɗigo ya fita ba. Haɗarin shi ne tankin da ya fara zuba ya nuna kore da azahar. A riƙa karantawa da safe, a rubuta zafin wurin kusa da lambar. In allura ta shiga ja, ba a taɓa makunnin da wuta a kai. A kashe daga sama, daga bireka na fida.

Gas ɗin da tartsatsi ya ƙona yana rikiɗewa ya zama guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya bar farin gari mai cin fata da huhu. Ya fi iska nauyi kusan sau biyar, yana kwanciya a ramin kebul. Tankin da ya fashe ba a shiga ɗakinsa sai an buɗe iska ta wuce, da safar hannu da abin rufe hanci na gaske.

Sauran kashi tara cikin goma

A aikace, in aka kira mai gyara kan makunnin bakyum, kwalbar ce ta ƙarshe da ake samu da laifi. Abin da ke kewaye da ita ne ke ba da wahala, kuma a nan yanayin wuri ke shigowa.

Zaizayar kontak ana auna ta daga waje. Yawancin kwalabe suna da layi ko ɗigo a kan sandar mai motsi. Makunni a rufe, in alamar ta ɓace ko ta kai iyaka, kontak ya ci abin da aka yarda, wanda galibi milimita 2 zuwa 3 ne. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ƙarin tafiyar da inji ke yi bayan kontak sun haɗu, wajen milimita 3 zuwa 4, wadda ke matse sifirin ɗin danna kontak. Duk milimitar da kontak ya zaizaye ana cire ta ne daga wannan matsi. In matsi ya ragu, turjiya ta hau, zafi ya taru, kuma ranar da shot ya bi ta ciki ƙarfin maganaɗisu zai ɗaga kontak ɗin, tartsatsi ya narkar da su, su manne. Makunnin da aka ja hannunsa, alama ta nuna buɗe, amma layi ɗaya yana nan da wuta, yawanci tarihinsa ke nan. Saboda haka ba a yarda da alamar inji ita kaɗai; a duba fitilun nuna boltej na layuka uku.

Turjiyar hanyar wuta ana auna ta da na'urar maikro-om mai tura amfiya 100 na DC. Multimita ba ta da amfani a nan. A kwatanta da lambar takardar awon masana'anta: in ta haura da kashi 20 cikin 100, ko layi ɗaya ya bambanta da ƴan'uwansa sosai, a bincika. Sau da yawa ba cikin kwalba matsalar take ba, a maɗaurin da ke kan sandarta ne ko a lanƙwasasshen jan ƙarfen da ke ɗauke wuta daga mai motsi. A kwance, a goge, a ɗaure da sifana mai awon ɗauri daidai lambar littafi. Masana'antun da ke maƙwabtaka da majemu, kamar a Challawa da Sharaɗa a Kano, su ƙara sa ido, domin iskar da ke tashi daga ruwan jima tana baƙanta azurfar da aka shafa wa mahaɗai, turjiya ta riƙa hawa a hankali.

Giris shi ne na gaba. Zafi yana busar da shi, ƙurar hunturu ta haɗu da shi ya zama kamar ƙullun siminti, inji ya yi nauyi. Makunnin da ya yi jinkirin rufewa yana ba tartsatsi lokacin cin kontak, wanda ya yi jinkirin buɗewa yana iya kasa kashe shi. A wanke tsohon giris gaba ɗaya kafin a sa sabo, kuma a sa irin da kamfani ya ce, don haɗa iri biyu yana sa su daskare. Feshin sassauta tsatsa ba giris ba ne. Yana wanke na wurin ya bar ƙarfe tsirara. In akwai na'urar awon lokaci, a duba cewa layuka uku suna haɗuwa kusan tare kuma kontak ba ya tsalle bayan ya rufe. Kamfanoni da yawa milisakan 2 suke sa wa duka biyun. Makunnin da ya shekara ba a taɓa shi ba shi ma yana ƙagewa, a juya shi sau biyar zuwa goma duk lokacin da aka samu kashe wuta.

Sai ƙura da raɓa. Kwalbar gajera ce, saboda haka hanyar da wuta za ta bi ta bayanta ita ma gajera ce. Ƙura ta kwanta lokacin hunturu, damina ta zo da danshi, hitar cikin fanel ta mutu ba wanda ya lura, sai a fara jin ƙarar shi-shi da wari mai kaifi, a ga baƙin layi kamar reshe a jikin robar da ta lulluɓe kwalbar. A goge da tsumma marar gashi da barasar goge kayan lantarki, ba fetur ko kananzir ba. Wanda baƙin layi ya riga ya ci, canzawa za a yi. A toshe ramin kebul da kyau, ɓera da ƙadangare ta nan suke shiga. A nan tankin SF6 ya yi fice: duk abin da ke ɗauke da wuta yana kulle, ƙura ba ta kai gare shi, sai akwatin kebul da inji. Haka ma a wuri mai tudu. Ƙa'idar IEC ta tsaya ne a mita 1,000 sama da teku da zafin digiri 40, kuma Jos ta haura mita 1,000, don haka fanel mai rufin iska a can sai an nemi mai ƙarin tazara. Zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu yana wuce 40, balle cikin akwatin ƙarfe a rana. Kowane iri aka saya, a yi masa rumfa kuma kada a cika masa lodi.

Bakyum yana da wata ɗabi'a da SF6 bai cika yi ba: yana datse ƴar ƙaramar wuta, amfiya 3 zuwa 5, kafin ta sauka sifili da kanta. In abin da ake kashewa babban injin lantarki ne mai juyawa ko busasshiyar taransifoma marar mai, wannan datsewa da sake kamawar tartsatsi suna haifar da boltej mai tsini da ke cin rufin waya. Maganinsa aresta a kusa da na'urar, ba a can bakin fanel ba. Mai kunna bankin kafasita kuma ya nemi ajin C2, mai ƙarancin sake kamawar tartsatsi.

Tazarar cikin kwalba ba a ɗaukarta a matsayin rabuwar da mutum zai dogara da ita ya sa hannu. Dole makunnin bakyum ya zo da wuƙar rabuwa da atin a jere da shi, da makullin da ke hana juya su ba bisa tsari ba. Kafin kowane gyara: a kashe, a raba, a sa kwaɗo, a gwada a tabbatar ba wuta, a sa atin, a sauke sifirin. A kashe ɓangaren 415V na taransifoma shi ma, domin janareta ko inbatar sola na iya mayar da wuta baya ta hau 11kV.

To wanne za a saya

RMU ɗin da zai zauna a waje cikin ƙura, ana taɓa shi jefi-jefi, kuma babu ma'aikacin da zai riƙa duba shi sai leƙen geji, rufaffen tanki ya fi masa, kuma SF6 irin su RM6 na Schneider, SafeRing na ABB ko 8DJH na Siemens an san halinsu, kayan haɗin kebul ɗinsu suna samuwa. Masana'antar da ke juya makunni kullum, tana da ɗakin fanel mai tsabta da injiniyan da zai iya kawo na'urar babban boltej da ta maikro-om duk shekara biyu zuwa uku, bakyum mai rufin iska zai fi yi mata arha a tsawon lokaci, don ana kai ga kwalba a canza ta. In za a canza, a canza ukun tare, a sake saita tazara da matsi. Wanda zai sayi bakyum alhali ba shi da hanyar awon kwalba, ya sani ya sayi abin da ba zai taɓa sanin lafiyarsa ba.

Akwai kuma na tsakiya, wanda kasuwa ke komawa gare shi: kwalbar bakyum cikin rufaffen akwati mai busasshiyar iska ko daskararren rufi, babu SF6 ko kaɗan, kamar Xiria na Eaton ko RM AirSeT na Schneider. Dalilin komawar shi ne kilo ɗaya na SF6 yana ɗumama duniya kamar kilo 23,500 na iskar kabon, kuma yana shekara kusan 3,200 a sama. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2024/573 ta hana kafa sabbin na'urori masu irin wannan gas har zuwa 24kV daga 1 ga Janairu 2026, sannan na sama da 24kV zuwa 52kV daga 2030. Dokar ba ta hau kan mai saye a Najeriya ko Nijar ba, amma manyan masu ƙera kayan can suke, kuma na'urar da aka kafa yau ana sa ran ta yi shekara talatin. A tambayi dillali a rubuce shekara nawa zai ci gaba da kawo kayan gyara, da wanda zai zuƙe gas ɗin ranar da aka sauke tankin. A karɓi takardar awon masana'anta mai lambar wannan na'urar ta musamman, a maimaita awon babban boltej da na turjiya a wurin kafawa kafin a ba ta wuta, a ajiye lambobin a cikin fanel, domin da su za a kwatanta duk awon da zai biyo baya.